Yaron da Na Goya Ranar Talata

Juma'a, 19 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Yara sun watse, na share tsakar gida, na zauna. Littafin nan na saye shi ne don waƙoƙin zumuntar mata ta coci, ga shi abin da zai fara shiga cikinsa ba waƙa ba ce.

Tina, ɗaya daga cikin uwayen yaran da nake reno, ta kira ni da azahar. Ɗanta Zira yana kwance a asibiti tun jiya. Ƙyanda ce. Ta faɗi sunan ciwon ƙasa-ƙasa, sai da na ce ta sake faɗa. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na ajiye waya, na koma na ci gaba da ba yara kunu. Cokali bai ko yi rawa a hannuna ba, har na ji haushin kaina.

Shekara tara ina riƙe da gidan renon nan a unguwar Lokuwa cikin Mubi, tun bayan rasuwar mijina Zacharia. Yara goma sha huɗu, ɗaki ɗaya da rumfa, ni da abokiyar aikina Halimat. Mun ga mura, mun ga apolo, mun ga zawo iri-iri, ban taɓa rasa ɗan kowa ba. Iyaye suna cewa Mama Ƙauna ta cika faɗa. Su ce. Faɗan ne ya sa suke iya tafiya aiki hankali kwance.

Zira ya zo gidan nan ranar Talata. Iyakar abin da zan rubuta ke nan yau.

Asabar, 20 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na fitar da tabarmi duka na shanya a rana. Kofuna, cokula, fo, kayan wasa, har da 'yar tsanar nan mai hannu ɗaya, duk na wanke da ruwan zafi da izal. Na goge bango iya inda hannuna ya kai. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga wai ko biki zan yi, na ce mata ta je ta duba tukunyarta.

Zanen goyona ne ban haɗa da sauran ba. Shi kaɗai na tafasa, sau biyu, har launinsa ya zube.

Lahadi, 21 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Daga coci na wuce asibiti. Zira duk ya yi jawur, ƙuraje daga fuska har tafin ƙafa, ido a manne da kwantsa, leɓe a tsattsage. Shekararsa biyu, amma a kan gadon nan sai ka ce jariri. Nas ta ce zai tashi.

Mama Kuve, uwar Tina, tana zaune a ƙasa tana yi masa fifita. Ta tsufa, gwiwa ta ƙi. Matar nan ce ta goya Ƙauna 'yata kwana biyu a bayanta lokacin da rikici ya sa muka gudu daga Mubi, muna hawa duwatsu muna sauka, ni ƙafata ta kumbura ko takalmi ba ya shiga. Ba danginmu ɗaya ba, a hanya muka haɗu. Ta ɗauki 'yar wata, ta bar ƙullin kayanta a gindin dutse. Har gobe in na gan ta sai na rusuna.

Tina ta rako ni har bakin get. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, don Allah kar ki gaya ma kowa ya zo wurinki ranar Talata. In mutane ya ji, ba wanda zai ci abincina a kasuwa kuma. Za a ce ni ne na raba ciwo."

Na ce, "Ke dai ki yi jinyar ɗanki."

Ban ce mata eh ba. Ban ce a'a ba. A cikin keke na tuna ban taɓa tambayarta katin rigakafin Zira ba, ni da nake mayar da matan manya daga ƙofa saboda kati. Ashe ba a yi masa allurar wata tara ba, lokacin suna Vimtim wurin girbin gyaɗa.

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Wani ma'aikacin lafiya ya zo da hantsi, Ezekiya sunansa, dogo, da jaka a kafaɗa da gumi har wuya. Suna bin duk inda yaran da suka kamu suka shiga.

Ya ce, "Madam, yaron nan Zira, yaushe ne zuwansa na ƙarshe?"

Na miƙa masa littafin sunayen yara. Alamar Zira ta ƙarshe tana Juma'ar kafin hutun Salla. Ya bi da yatsa, ya ce, "Satin da ya wuce fa?"

Na ce, "Bai shiga cikin yara ba."

Ya sauke numfashi ya ce to na auna arziki. Ya ce da ya shigo da zazzaɓi a jiki, da yau ɗin nan zai rufe wurin, a kira iyaye ɗaya-ɗaya, duk yaron da jikinsa ya yi ɗumi a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ƙuraje. Ya ce ciwon nan a iska yake tafiya, tari ɗaya ya isa, kuma yakan ɗauki kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya nuna kansa. Ya tambaya ko akwai wanda bai kai wata tara ba, wanda ba a yi wa allura ba tukuna. Na ce ɗaya ce, Khairat, watanta bakwai. Ya leƙa ta tana barci a kan katifa, ya ce, "Irin waɗannan ne muke tsoro."

Halimat tana bakin famfo tana wankin kofuna. Ba ta ɗago ba. Kofi ɗaya ta yi ta wankewa har mutumin ya fita.

Ban yi ƙarya ba. Bai shiga cikin yara ba. Ƙafarsa ba ta taɓa tabarma ba.

Talata, 23 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Kwana bakwai.

Laraba, 24 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Zafi kamar a tanda. Ko mangwaro ba ya mini daɗi.

Khairat ta koyi sabon abu, tana kama 'yan kunnena ta ja, in na ce wayyo sai ta ƙyalƙyale da dariya har ta shaƙe. Yau sau huɗu na taɓa goshinta. Na duba bayan kunnenta na ce ƙura nake gogewa. Lafiyarta lau, ta shanye madararta tas.

Uwarta Hajja malamar makaranta ce, mutanen Bama ne, gudu ya kawo su nan suka zauna. Shekara shida tana jiran haihuwa kafin ta samu wannan. Uwar mijinta ba ta so a kawo jaririyar gidan reno ba, ta ce a bar mata ita a gida, Hajja ta dage, wai tsohuwa ba ta gani sosai kuma tana ba jarirai jiƙe-jiƙe. Ranar da ta fara kawo ta sai da ta zagaya ɗakin nan sau biyu, ta duba randa, ta duba bayi, sannan ta ce, "Mama Ƙauna, an ce mini ke ba ki wasa da yara." Na ji daɗin maganar a ranar, har na maimaita wa Halimat.

Da yamma da ta zo ɗaukarta ta ce ta ji ana ƙyanda a gari, ko lafiya a nan? Na ce ma'aikacin lafiya ma ya zo ya duba mu. Ta ce alhamdu lillahi.

Juma'a, 26 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Kwana goma. Ba wanda ya yi tari. Ba wanda ya yi zazzaɓi. Na sayi tsire na ci ni kaɗai, na rera waƙa ina wanka. Watakila dabarata ta yi aiki. Ai ba yau na fara ba, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Hajja ta kira.

Ta ce, "Mama Ƙauna, Khairat yana zafi tun asuba, hanci yana ruwa. Babansa ya ce mu tafi asibiti, kaka ya ce haƙori ne. Ke kin san yara, me kin gani?"

Na ce, tana zubar da miyau? Ta ce eh. Na ce, tana cizon hannu? Ta ce eh, komai ya samu yana sa a baki.

Na ce, "To haƙori ne, Maman Khairat. Ki ba ta farasitamol, ki shafa mata ruwa."

Ta yi godiya. Ta ce hankalinta ya kwanta.

Yara suna zazzaɓin haƙori. Kowa ya sani. Wata bakwai lokacinsa ne. Na gani da idona dasashinta ya kumbura ranar Alhamis. Haƙori ne.

Lahadi, 28 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Ban je coci ba. Haƙori ne.

Litinin, 29 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Ba a kawo Khairat ba. Ba a kawo Divine ba, ba a kawo Mubashshir ba. Iyayen Divine da Mubashshir sun aiko, zazzaɓi da jan ido.

Da yara suka yi barcin rana Halimat ta same ni a rumfa. Shekara shida muna aiki tare, ta girme ni ma da kaɗan, amma Adda take ce mini. Ta ce, "Adda, ranar da mutumin nan ya zo na yi shiru saboda ke ne. Amma useni, don Allah, ki kira Hajja. Ki gaya mata Zira ya zo."

Na tashi mata. Na ce wa ya sa da ita, gidanta ne ko gidana, in ta fi ni sanin aiki ta je ta buɗe nata. Na faɗi abubuwan da ba zan rubuta ba. Ta tsaya tana kallona har na gama, sannan ta ce, "Ban ce kin yi mugunta ba," ta koma ɗaki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ni ce yau.

Na kira Hajja. Na tsara maganar tun daga farko har ƙarshe. Da ta ɗauka sai na ji bakina yana cewa ya jikin Khairat. Ta ce da sauƙi-sauƙi, tana yawan barci, tana ɗan tari. Na ce in bai sauka ba ku leƙa asibiti fa. Ta ce to, za su ga zuwa gobe. Na ce a gaida kaka.

A gaida kaka. Abin da na iya ke nan.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ezekiya ya dawo ya rufe mu, sai abin da hali ya yi. Bai sake tambayata komai ba. Ciwon ya cika gari, Wuro Patuji ma an kwantar da yara, har daga Betso ana kawo su a kan mashin. Ya ce, "Madam, kar ki damu, ba daga wurinki ba ne, ko'ina ne." Har haƙuri ya ba ni.

Gidan shiru. Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Ranar Talata, sati biyu ke nan, Tina ta zo ƙarfe shida da rabi, kafin kowa. Ranar kasuwar shanu ce, ranar da take sayar da abincin da zai riƙe su sati, ga kuloli a cikin keke yana jiranta. Zira yana kafaɗarta da riga mai dogon hannu da hular ulu, a wannan zafin. Ta ce mura ce, ta ba shi magani. Na taɓa shi, ba zafi sosai, na san aikin farasitamol ne, ba yau uwaye suka fara mini wannan wayon ba. Idonsa ja. Na ɗaga hular.

Suna nan a bayan kunne, ƙanana, jajaye, sun fara gangarowa wuya. Na san su. Na gan su a jikin ƙanena muna yara a Michika.

Na dubi Tina, ta dube ni. Ta ce, "Mama, ba ni da wurin da zan kai shi. Mamana ƙafa ya hana shi tashi."

Na mayar da hular.

Ga dabarata, wadda nake taƙama da ita shekara tara. Ɗaki ɗaya gare ni, ba ni da wurin ware mara lafiya. To duk yaron da jikinsa ya yi zafi da rana, kafin uwarsa ta zo, sai in goya shi. Ba ya sauka. Ba ya taɓa abin wasa, ba ya shan kofin kowa, ba ya hawa tabarma, ba yaron da zai taɓa shi. Bayana ne ɗakin jinyata. Haka uwata take yi, haka kowace mace a dutsenmu take yi, mara lafiya a baya, aiki a gaba. Har koya wa matan zumunta nake yi. Shi ya sa ban sa masa alama a littafi ba, a ganina ba a cikin yara yake ba, a jikina yake.

Na goya Zira daga safe har biyar na yamma. Da shi a baya na yi komai. Kuma Khairat ba ta karɓar abinci a hannun Halimat, sai nawa. Sau uku na zauna a kan kujera 'yar tsugune, na ɗora ta a cinya, na sunkuya ina ba ta madara. Kansa yana kan kafaɗata ta dama. Yana tari. Ina jin ɗumin tarin yana wucewa ta gefen kunnena. Ita kuma tana miƙa hannu tana son kama hularsa, tana yi masa dariya, tsakanin fuskarsa da tata bai fi tafin hannu ba. Har cewa na yi, kin ga mijinki ko?

Na tsare tabarma, na tsare kofi, na tsare cokali. Ni ce na ɗauke shi na zagaya da shi kan kowane yaro a gidan nan.

Laraba, 1 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙuraje sun fito wa Khairat. Halimat ce ta ji a unguwa ta aiko mini, duk da abin da na yi mata. Kaka ta ce tunda sun fito an huta, a rufe ta a ɗaki kada iska ta taɓa ta, kuma ba a yi wa mai ƙyanda allura. Na sa mayafi na fita, na kai bakin layinsu, na tsaya wurin mai rake, na dawo.

Alhamis, 2 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Sun kai ta asibiti da asuba, numfashi yana sama-sama. Na je.

An sa mata roba a hanci. Ƙirjinta yana lotsawa yana tasowa da sauri, kamar na ɗan tsako. Ba ta gane ni ba. Na sa 'yan kunnen da take so, don wauta.

Hajja ta rame a kwana biyar. Ta ce likita ya yi musu faɗa, ya ce ciwon ya sauka ƙirji, me suka zauna yi tun Asabar. Ta faɗa mini haka idonta a kan gadon, ba ta tuna wa ta tambaya ranar Asabar ba, ko kuwa ta tuna ta ƙyale. Sai ma ta ce, "Kin sha wahala, Mama Ƙauna, ki zauna." Ta matsa mini a kan benci.

Mijinta Malam Khamis yana tsaye a baranda da carbi. Ya amsa gaisuwata da ladabi. Matarsa ce bai kalla ba ko sau ɗaya.

Juma'a, 3 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Ya Yesu, ka ɗauki gidan renon. Ka ɗauki sunana. Ka bar musu ita.

Asabar, 4 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Divine da Mubashshir suna samun sauƙi, su an yi musu allura tun suna jarirai, abin bai kama su da ƙarfi ba. Na dafa kunun gyaɗa na kai wa Hajja, ta karɓa ta ajiye. Na zauna awa biyu. Sau uku na buɗe baki. Sau ukun wani ya shigo, ko kuwa ni ce nake jiran wani ya shigo.

An yi ruwan farko da rana. Mutane suna murna a titi, yara suna tsalle a kwata. Na rufe taga.

Lahadi, 5 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Zira ya zo coci. Fatarsa tana saɓa, amma yana gudu tsakanin benci yana cin biskit. Tina ta fita gaba ta yi shaidar godiya, aka yi ta guɗa. Allah ya gafarta mini, na dubi yaron nan ɗan shekara biyu na ji ba na son ganinsa. Me ya yi? Ɗaukarsa aka yi aka kawo, ɗaukarsa aka yi aka goya.

Bayan an tashi Mama Kuve ta dafa ni ta ce Tina ta gaya mata na taimake su ranar kasuwa, Allah ya saka. Na rusuna kamar kullum. Na so in ce mata, Mama, na biya ki, amma da 'yar wata na biya. Na ce amin.

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Khairat ta rasu da asuba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Kafin in isa har an kai ta. Ba sa jira. Mata cike da tsakar gida a kan tabarmi. Na durƙusa gaban Hajja na ce, Allah ya sa mai ceto ce, yadda na ji suna faɗa. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce wa matan, "Wannan ne mamansa na rana."

Suka yi ta yi mini gaisuwa. Ni. Aka kawo mini ruwa a kofin baƙi.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Sadakar uku. Ban je ba. Na ce ciwon kai.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe sha biyu na rana

Halimat ta zo ta kwashe kayanta, sallaya da buta da kwanon abincinta. Ba ta yi faɗa ba, na so ta yi. Ta ce za ta koma Wuro Patuji wurin 'yarta ta huta. A bakin ƙofa ta ce, "Ni ma ina wurin, Adda. Ni ma na gani. Ni ma ban faɗa ba." Ban san ko ta faɗa don ta rage mini ba ne ko don ta ƙara wa kanta.

Ƙauna ta kira daga makaranta, ta ce muryata ta canja. Na ce mura ce.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ba wanda ya sani sai ni da Tina da Halimat. Tina ba za ta faɗa ba. Halimat ta tafi. Nan da wata guda za a ce a buɗe, iyaye za su dawo, har sun fara tambaya. Zan iya mutuwa da maganar nan ba wanda ya ji.

Da ma likita ya ce ko an kawo ta ranar Asabar ba lalle ne ta rayu ba. Bai faɗa ba. Ni ce nake faɗa masa a raina in amsa wa kaina.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Hajja ta zo da la'asar, ita kaɗai. Ta zo ɗaukar jakar Khairat da ta rage a nan, ta kawo mini masa da gumba na sadakar bakwai a cikin leda. Na shimfiɗa mata tabarma a rumfa.

Ta ce gidan ya yi mata faɗi. Ta ce Malam Khamis ba ya cin abincinta, ba ya magana, tun ranar Asabar ɗin nan yake riƙe da ita, shi ya ce a tafi asibiti ita ta ce a bari. Ta ce, "Ban gaya masa na tambaye ki ba. Na ce ni ne na ce haƙori. Ke ma ai ba ki sani ba, kar ya zo ya yi miki rashin kunya."

Ban shirya ba. Sai na ji ina cewa, "Maman Khairat, na sani."

Na gaya mata duka. Hular, da ƙurajen, da goyon, da madarar sau uku, da abin da na ce wa Ezekiya, da abin da ke raina ranar Asabar ina ce mata haƙori ne. Ban sa sunan Mama Kuve ba, ban kawo duwatsu ba, ban nemi sauƙi ba. Ban yi kuka ba sai a ƙarshe, shi ma na haɗiye, don ba ni da hakkinsa a gabanta.

Ta daɗe tana kallon jakar a cinyarta. Ta zuge zip, ta rufe, ta sake zugewa.

Ta ce, "Ranar Asabar ɗin. Da na kira ki. Kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Me ya sa kin gaya mini?"

Na ce ba zan iya riƙewa ba.

Ta ce, "Ke ba ki iya ba. Ni zan iya?" Muryarta ba ta tashi ba. "Kwana takwas ina gaya ma kaina kwanansa ne ya ƙare, ba laifin kowa. Da shi nake tashi in yi salla. Da shi nake shan ruwa. Yanzu kin karɓe. Kin sauke kayanki a kaina, ke za ki yi barci."

Na ce ta kai ni wurin hukuma, ta gaya wa mijinta, ta gaya wa gari, duk abin da aka yi mini daidai ne.

Ta ce, "In na gaya masa, zai ce wa ya kai yarinya wurin? Ni ne na kai. Mamansa ya ce a bari a gida, na ƙi." Ta miƙe, ta rataya jakar, ta gyara hijabi. "Ban ce na yafe ba. Ban ce ban yafe ba. Ban sani ba. Amma in kin gan ni a hanya, kar ki gaishe ni."

Ta fita. Masar tana nan inda ta ajiye, ƙuda suna bi, na kasa ci na kasa zubarwa.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Na fita sayen gawayi na gan ta a bakin titi tana jiran keke, da littattafan 'yan makaranta a hannu. Ta gan ni. Tsakaninmu bai fi taku biyar ba.

Ban gaishe ta ba. Wannan kam na iya yi mata.